Wutar Baba Sallau

Kwamfuta, ƙwayar na'ura ɗaya da gorar ruwa, su Zulai ta riƙo a motar Funtuwa. Kamfani ya turo ta gwada manhajar da ta rubuta wa ƙwayar, mai kashe batirin duk gidan da ya ba maƙwabci wuta.

A gidansu ta tarar da igiyar wuta ta haura katanga zuwa injin numfashin Baba Sallau.

"Karatun Turan ke nan?" in ji Inna. "Mu ko garwashi ba mu hana maƙwabci. Saka, ki je ki ja masa salati!"

Shugabanta ya bugo waya. "Kin saka?"

"Yallaɓai, zo ka saka da hannunka!"

Ta banko ƙofa. "Inna, goge ta zan yi."