Kwalbar Man Fuskarta

Ranar Laraba aka binne matata. Na dawo na tarar da kwalbar man fuskarta a taga, saura kaɗan.

'Yarmu ce ta aiko mata daga Kano. Hayaluronik asid, wai yana riƙe ruwa a fata. Matar tawa ba ta yi boko ba, sai ta miƙo mini kwalbar.

"Malam, me aka rubuta?"

"An ce tsohuwa ba ta komawa yarinya."

Ta yi dariya. Wata huɗu tana shafawa a busasshiyar fuska, babu canji, har ta daina duba madubi.

Shekara talatin ina noman rani a Kura, ban taɓa zuba taki a busasshiyar ƙasa ba. Layin nan na jikin kwalbar kuwa na karanta shi sarai tun ranar da ta miƙo mini.

A fara jiƙa fuska da ruwa.