Gidan da Ciwon Ya Tsallake

Likitan dabbobi ya sauko daga kan goɗiyarsa, ya ɗaure ta a bakin kwamin shan ruwan dawakan wani gida kamar yadda ya saba, ya ɗauki jakar allura yana jan ƙafa. Tun da ciwon majina ya faɗa wa dawakai bai huta ba. Mota ba ta shiga lungunan nan, goɗiyar ce ƙafarsa.

Mai gidan ko hannu bai miƙa masa ba. Ya ce zance ya bazu: duk bargar da likita ya taka, ba a jimawa doki zai daina ci, wuya ya kumbura, hanci ya yi ta zuba. Mutane sun fara cewa ciwon a cikin allurar yake.

Likita ya maimaita bayanin da ya gaji da yi. Rigakafi ba ya kama jiki rana ɗaya. Kowane doki da sabuwar allurarsa. Ya wanke hannu a gaban mutumin, ya wanke takalmi. Da ƙyar aka riƙe masa dokin.

"In ya kwanta, likita, kar ka sake tako min gida."

Dokin kuwa ya kwanta. Daga nan aka fara rufe masa ƙofa, ga sauran dawakai ba rigakafi.

Gida ɗaya ciwon ya tsallake, gidan wata tsohuwa mai dawakan amalanke. Bai manta da ita ba, don ranar da ya je yi musu allura ko ruwa ba ta ba shi ba. "Ɗan nan, bar dabbarka a waje," ta ce. "Da hannuna nake jawo ruwan nan."

Ya haɗiye girman kai ya koma ya tambaye ta me take ba dawakanta. Ta ce ciyawa da dusa, sai me?

Ya dawo gida da la'asar, ya sauke sirdi, ya cika wa goɗiyar bokiti. Ya jingina da bango yana kallonta, ga ta sumul, ko tari ba ta taɓa yi ba, shi ya sa bai taɓa tsayawa duba ta ba. Ta ɗago kai. Wani siririn zaren majina mai ruwan ɗorawa ya zubo daga hancinta ya faɗa cikin ruwan.

Babu kwamin da ba ta tsoma wannan hancin ba, sai na tsohuwar.