Robar da ke Aljihuna

Ina ɗan shekara takwas na ciro wata baƙar roba daga ƙarƙashin tasin Baba, don in yi danƙon harbin tsuntsu. Da la'asar naƙuda ta kama Inna. Muka taso a tasin daga unguwar Adjamé zuwa asibiti a unguwar Treichville, salansa tana ta dukan ƙasan motar. A tsakiyar gada salansar ta karye, ta maƙale, muka tsaya cak.

Baba ya leƙa ƙasa, ya ce, "Robar da ke shanye girgizar inji ce babu. Ƙarfe shi kaɗai ba ya jurewa."

Inna tana nishi, ta damƙe hannuna. Robar tana aljihuna.

A kujerar baya aka haifi ƙanwata, lafiya lau. Har Baba ya rasu ban iya faɗa masa ba.