Ranar da Linh ta ƙi ɗaga kai

Ina aji huɗu a wata firamare a ƙasar waje, kusa da Glenwood, aka zargi ƙawata Linh da satar amsa. Iyayenta mutanen Vietnam ne. Aka kira ni shaida domin kujerata na kusa da tata, Baba kuma ya baro aiki ya raka ni.

Ofishin shugabar makarantar yana warin kofi da ya huce. A gabanta akwai takarda ruwan ɗorawa, wadda da zarar ta sa mata hannu za a dakatar da Linh, zargin kuma ya zauna a fayil ɗinta.

"Dube ni idan ina magana," in ji shugabar.

Linh ta ƙara sunkuyar da kai, ta harɗe hannuwa a ƙirji, yadda aka koya mata tsayawa gaban babba. Mahaifinta yana gefe cikin rigar aiki, Turancinsa bai kai ya kare ta ba.

"Da ba ta aikata ba, da ta kalle ni," shugabar ta ce, ta cire murfin biro.

Baba ya gyara murya. "Malama, tun da muka shigo, 'yata ta kalle ki?"

Ta juyo gare ni. Idona na kan takalmina.

"Da ta zuba miki ido, ni zan tsawata mata a gida," in ji Baba. "Haka tarbiyyarmu take. Idan wannan ce hujjarki, cika takarda biyu."

Shugabar ta mayar da murfin biron, ba ta sa hannu ba.

Yau na girma, ni ke riƙe da fayilolin ɗalibai a makarantar da nake aiki. Duk takardar da ta zo mini da "ya ƙi haɗa ido", sai na mayar wa malamin da ya aiko ta ya rubuta ainihin laifin.