Mai Biyan Kuɗin Wuta

Da ta ga ma'aikacin lantarki ya jingina tsani a ƙofar gidansu zai yanke wuta, sai ta fito da gudu. Ba duhu take tsoro ba.

Mijinta yana can arewa wurin haƙar zinariya, inda babu rezon waya. Duk wata surukinta yakan shigo ya ce, "Ɗana ya aiko, an biya faktir ɗin wuta." Bai taɓa latti ba, kuma da haka kaɗai take sanin yana raye. Ga shi ana ta zancen rami ya rufta da mutane.

"Malam, duba da kyau," ta ce. "Maigidana ba ya fashi."

"Maigidanki? Ai tsohon nan ne ke biya tun bara, in ya sayar da kifinsa na tabki. Wannan watan ne ban gan shi ba."

Ta ruga ɗakin da surukin ke kwance da zazzaɓi.

"Baba, yaushe rabon da ɗanka ya aiko?"

Tsohon ya kalle ta. Sannan ya juya fuskarsa ga bango.