Farin Idon Baba

"Baba, don Allah ina so in kalle ka cikin ido," na ce.

Ya ajiye kofin shayi. "Lafiya?"

Na yi masa bayani. A asibitin Birmingham inda nake koyon aikin nas, malamata ta ce ba zan wuce placement ba, wato horon da muke yi a ɗakin majinyata, sai na daina sunkuyar da kai gaban tsofaffin majinyata. Ni kuwa tun a Kumasi aka hore ni kada in haɗa ido da babba. Shi ya sa na taho Rusholme, unguwar da Baba yake zaune, in fara da wanda na fi jin nauyi.

Ya yi dariya, ya cire tabarau. "Bismilla, malama nas."

Na ɗago kai. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Ranar muka je wajen GP, likitan unguwa. Cutar shawara ce, aka tare ta da wuri. Gida cike da mutane, amma ladabi ya hana kowa gani.

Yanzu ya warke, ni ma na wuce placement ɗin. In na shigo, kafin ya amsa gaisuwata sai ya cire tabarau.