Hannun Eulogio a Bakin Saniya

"Fito, Herminda! Fito ki ga aikinki!"

Maƙwabcina Eulogio ne a bakin shinge, adda a hannu, gumi na tsiyaya. Wata saniyarsa ta sake faɗuwa. Ƙafafun bayanta sun mutu, yawu na dalala.

"Guba kika zuba wa shanuna! Naki na kiwo lafiya, nawa na mutuwa!"

Raina ya ɓaci. "Kai dai ba ka da kunya! Nawa na yi musu rigakafi. Kai kuwa ka ce allura aikin banza ce, ka je ka cinna wa kogon jemagu wuta. Ina kake zaton suka koma? Leƙa tsohuwar rijiyarka!"

"Ƙarya kike!"

"Dubi wuyan saniyar mana! Cizon jemage mai shan jini ne. Ciwon haukan kare ya sa mata, a yawunta yake."

Ya yi dariyar raini. "Shaƙewa suke da abin da kike ba su. Tun saniyar farko, da damina, nake zura hannu cikin maƙogwaronsu ina lalube. Sai na zaro shi na nuna wa duniya!"

Ya ɗaga hannun. Duk tabon yankan wayar shinge ne.

Na tuna ciwon na shiga jiki ta rauni, kuma wanda ya kamu da shi ba ya iya haɗiye ruwa. Na ɗebo ruwa a kofi na miƙa masa. "Sha, maƙwabci. Don Allah sha."

Ya kai kofin baki. Maƙogwaronsa ya ƙulle, ya yi jifa da shi yana kakari.